Ranar da na yayyafa wa mutum-mutumin Yaya ruwa

Kuskurena ɗan ƙarami ne: na yi shara irin wadda Inna ta koya mini.

Yayata ta dawo Mairuwa hutu daga jami'a da wani mutum-mutumi mai tayoyi, girmansa kamar tukunyar tuwon suna. Bincikenta a kan manhaja ne, wato tunanin da ake zuba wa irin waɗannan na'urori. So take ta gina tushe ɗaya wanda kowa zai ɗora nasa aikin a kai, mai shara ko mai kai wa tsoho magani. Ta ce duk gwajin da suka yi a kan siminti ne, shi ya sa ta kawo shi tsakar gidanmu, inda akwai turmi da kaji da akuyar da ba ta ganin girman kowa. Da shi za ta tsaya gaban malamanta in an koma, kuma ba ta da wani.

Da safe Inna ta ce in share gida. Ga injin shara a ɗaki, ni kuma in sunkuya? Na sato shi, na kunna. Amma a garinmu ba a shara sai an yayyafa ruwa, don ƙura. Na yayyafa wa ƙasa, hannuna ya zarce na yayyafa masa.

Ya ɗan matsa, ya yi ƙara, ya mutu.

Nan take na tsufa. Na fara lissafin gudu Tafoki wurin kawuna in zama makiyayi har abada. Ina yi masa fifita da faifai Yaya ta fito.

"Mi ka yi mashi?"

"Wanka, Yaya. Kaɗan."

Ta jona shi da kwamfutarta. Inna ta tsaya da muciya a hannu tana jiran hukunci. Can sai Yaya ta sauke numfashi, har da ɗan murmushi.

"Bai mutu ba, sakarai. Na rubuta mashi in ya ji danshi ya kashe kanshi. Tsoro ya hana ni gwadawa."

"Ashe taimakonki na yi."

"Inna, ara mani muciyar nan."

An shanya shi a inuwa kusa da kuɓewa. Bayan la'asar ya tashi, ya zagaye turmi, ya kauce wa akuya. Yaya ta sa abin cikin bincikenta, ba ta sa sunana ba. Sharar ranar kuwa da tsintsiya na ƙarasa ta.