Kalmar da Na Sa a Bakin Mai Hula

Har gobe ba na mantawa da wata Alhamis, ranar kasuwar Batsari, lokacin ina aikin fassarar fim a shagon Alhaji Sale.

Ga yadda aikin yake, don yaran yanzu. Isiyaku, mutumin Maraɗi, shi ke jin Faransanci. Yana faɗin ma'ana, ina rubutawa da ajami, sannan in ɗora muryata a kan ta ɗan wasan. Nawa rabon wani dattijon Bafaranshe ne, muna ce masa Mai Hula. Isiyaku ya ce a dandamali ya fara tun yana saurayi, kafin ya shiga fim. Na daɗe ina magana da bakinsa, har na san inda yake jan numfashi.

A fim ɗinsa na ƙarshe ya tsufa ƙwarai. An nuno shi kwance yana mutuwa, leɓɓansa na motsi, babu sauti. Na kasa barinsa haka. Na sa masa kalmar shahada.

Isiyaku ya ce, "Malam Idi, wannan fa ba ta cikin takarda."

Na ce, "Wasa ne. Wa zai cutu?"

Da damina sai labari ya zo cewa Mai Hula ya mutu da gaske. Ran Alhamis ɗin nan wani tsoho daga Tsaskiya, Baba Nomau, ya shigo shagon. Ɗansa ya tafi ci-rani Turai, ya rasu can, ba wanda ya san yadda ya cika.

Muka gaisa, ya riƙe hannuna. "Ɗana, na ji Mai Hula da kunnena. Ashe ko a can ana cikawa da kalma. Tun ranar nake samun barci."

Alhaji ya ƙifta mini ido in yi shiru. Na yi istigfari, na ce, "Baba, muryata ce. Ni na ƙara."

Ya sake mini hannu a hankali. "To, Allah Ya yafe mana," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Alhaji bai kore ni ba. Ni na ajiye aikin a makon.

Ku da ke wannan aikin yanzu, bakin da kuke magana da shi ba naku ba ne. Inda mai shi ya yi shiru, ku yi shiru. Akwai wanda ke saurare, kuma ya yarda da ku.