Eriyar da Na Naɗa a Ɗakin Haya a Barade

Shekarar da aka ƙirƙiro jiha aka turo ni Jalingo, ni da akwatina da ƙaramar rediyona mai aika magana, irin ta masu lasisi. Gari ya cika da ma'aikata, masauki ya yi wuya, da kyar na samu ɗaki ɗaya a Barade, mai taga guda da ke kallon katanga. Hutu kuwa, a ofis ko zancensa ba a so a ji.

Wanda ya koya mini rediyo tsohon maigidana ne a Zariya, shi ya riƙe ni tun ina ɗalibi. Idonsa ya riga ya tafi, wasiƙa sai an karanta masa, kuma ba ya ɗaukarta a bakin komai. Da zan taho muka yi alkawari duk Lahadi bayan la'asar zai kira ni ta rediyo.

Abin da nake bukata kaɗan ne: in ɗaura doguwar wayar eriya daga rufi zuwa bishiyar mangwaro. Mai gidan da nake haya, wani dattijo Bafulatani, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Walaa, a'a. Malam, namiji ba ta hawa sama a gidan nan. In ka hau, tsakar gida za ka gani, iyali suna ciki." Na ce a sanar da su, su shige ɗaki na minti goma. Ya ce ko mai gyaran kwano ɗan gida ne. Na fito ina cizon yatsa, ga shi babu wani ɗakin da zan koma.

Sai na nemo bututun jan ƙarfe na tsohon firji, na lanƙwasa shi ya zama eriya mai siffar zobe kamar bakin daro, na haɗa masa abin murɗa tasha na wata matacciyar rediyo, na rataye shi a kusurwa, nesa da gadon ƙarfe. Ji dai ina ji sarai. Amma ni ba a jin maganata. In na tsaya na murɗa, allurar mitar da ke nuna saitin eriya ta kwanta daidai. Da na saki na taka zuwa tebur inda makirufo yake, sai ta tashi. Ni da na iya gyaran rediyon mutane, zobe ɗaya ya mai da ni wawa har wata biyu.

Duk Lahadi ina jin muryar tsohon maigidana daga Zariya yana kiran lambata sau uku, ya yi shiru, ya sake. Ranar Lahadi ta takwas na ji yana ce wa wani abokinsa na Kaduna, "Yaron ya samu gari, ya manta da mu. Mako mai zuwa in bai amsa ba na bari." Ina tsaye a kusurwa, hannuna a kan mamurɗi, ina ta ihu ga bango. Ban taɓa jin ƙunci irin na ranar ba.

Ina zaune a bakin gado abin ya faɗo mini: jikina ne ke shiga lissafin eriyar. Da ni a kusa nake saita ta, in na matsa kuwa saitin ya tafi da ni. Na je kasuwa na sayi muciya mafi tsawo, mai sayarwa har tana yi mini murnar aure. Na ɗaure ta a mamurɗin, na riƙa juyawa daga kan kujera. Allura ta kwanta, ba ta ƙara motsi ba.

Lahadi ta zo, ya kira sau ɗaya, na danna makirufo na amsa.

"Na ji ka," ya ce. "Amma kamar daga cikin rijiya kake magana."

Na dubi tagar da katangarta. Na ce, "A ciki nake, Baba. Kada dai ka daina kira."