Gudun Yaya Hamza

Wata safiyar Juma'a ce cikin sanyin shekarar 2012. Na tsaya a tsakiyar dutsen bayan gidanmu ina haki, flas ɗin shayi rungume a ƙirjina, ina kallon wana Hamza yana gudu a kan siririyar hanyar awaki har ya koma ɗan ɗigo can sama. Baba na bayana yana takowa a hankali da ledar burodin tamis, Umma kuwa ta zauna a kan wani falale tana zazzage tsakuwa daga takalminta. A ƙasa Makka ba ta gama farkawa ba, fitilun Harami suna dusashewa cikin hasken gari.

Gidanmu a gefen tudu yake, sama da unguwar Hindawiyya, inda mota ba ta kaiwa. Baba yakan ajiye tasinsa a ƙasa ya hau matakala da ƙafa. Tankar ruwa ma a ƙasa take tsayawa, don haka ni da Yaya Hamza ne muke hauro da jarkoki kafin mu tafi makaranta. Ni azaba nake ganin abin, shi kuwa ya mai da shi wasa. Zai ɗauki biyu ya haura da gudu, ya dawo ya tarar da ni a inda ya bar ni, ya karɓi tawa yana cewa, "Yalla, Nasiru, tsohuwa ma ta fi ka sauri." Da yamma yaran unguwa mu taru mu yi tsere zuwa wata bishiyar ƙaya da ke ƙoli, duk wanda ya zo ƙarshe ya goya na farko a gangara. Hamza bai taɓa goyon kowa ba. Ranar Juma'a ce kaɗai duk gidan muke hawa tare. A sama Umma ta shimfiɗa tabarma, Baba ya ba mu labarin Kano, garin da ni da Hamza ba mu taɓa gani ba.

Shekara ta zagayo, Hamza ya girma ya fita daga iƙamar Baba, wato takardar zamanmu, kuma ba a samu kafilin da zai tsaya masa ba. Ya bar makaranta, ya daina sauka kasuwa. Umma ta hana shi ko leƙa titi. Dutsen ne kaɗai ya rage masa, domin a can babu mai tambayar takarda. Kullum da asuba zai fita, ya dawo da ƙafafu duk ƙujewa, ya zauna a bakin ƙofa. Dariyarsa ta ragu, gudun kuwa ya ƙaru, har Baba ya fara yi masa faɗa kada ya kashe kansa.

Wata rana ya yi nisa fiye da kullum, ya gangara ɗaya ɓarin dutsen. Ƙishirwa ta sa ya sauka titi neman ruwa, nan masu sintiri suka tare shi. Mun wuni muna bin duwatsu muna kiran sunansa, Baba na leƙa kowane kwazazzabo a zatonsa faɗuwa ya yi. Sai washegari muka ji yana tsare saboda rashin takarda. Baba ya yi ta zirga-zirga, amma ba a daɗe ba aka sa shi a jirgi zuwa Kano, gidan Baffa, ƙanen Baba.

Da ya kira waya, ni aka miƙa wa a ƙarshe. Ya ce ana yi wa Hausarsa dariya saboda Larabcin da ke ciki. Na tambaye shi ko yana gudu. Ya ce, "An kai ni dutsen Dala. Kafin in yi zufa na kai sama. Ina zan gudu, Nasiru?"

Tun daga nan Umma ba ta sake hawa dutsen ba, mu ma muka bari. Yanzu muna unguwar Ka'akiyya, a gidan da ruwa ke zuwa ta famfo, gwiwoyin Baba ba sa son ko matakala. Hamza ya yi aure, yana gyaran wayoyi a kasuwa, ya yi jiki, 'ya'yansa ba su san ya taɓa gudu ba. In na bi ta tsohuwar unguwarmu nakan rage tafiya in ɗaga kai. Dutsen yana nan yadda yake, mu ne muka watse.