Gonar Baba a Cikin Kwamfuta

Har yau idan na tuna ranar da yayana ya share gonar Baba, raina ɓaci yake yi. Ba gonar ƙasa ba ce, ina Baba zai samu fili a Abijan? Wasa ne da ake buɗewa a shafin intanet, a tsohuwar kwamfutar shagonsa na atamfa da ke unguwar Treichville. Ni na nuna masa da tsokana, sai dattijo ya riƙe abin da gaske. Mutumin da ya bar noma a ƙauyensu tun yana saurayi, ga shi yana shuka masara da yatsa ɗaya, yana yi wa kajin allon kwamfuta faɗa. Shekaru ya yi a kan wannan gona. Idan mun taso daga gida a unguwar Williamsville, cunkoson motoci na mahadar Indénié ya tsare mu, ba tunanin masu sayayya yake yi ba, sai na tumatirinsa da zai bushe.

Wasan ya sha neman Baba ya yi rajista, shi kuwa ya ƙi. Ya ce ba zai ba mutanen da bai taɓa gani ba sunansa. Na yi masa bayani cewa in babu rajista, gonar ba ta ko'ina a duniya sai cikin ɗan abin da burauzar wannan kwamfuta, wato manhajar buɗe shafukan intanet, take adanawa. Ya ce ai nan ya fi aminci, tunda makullin shago na aljihunsa.

Sai ga yayana, mai digirin kwamfuta, baki cike da Faransanci. Ya ce injin ya yi nauyi. Bai tambayi kowa ba, ya goge duk abin da burauzar ta tara, ya miƙe yana jiran godiya. Da na taso masa, ya ɗaga kafaɗa.

"C'est juste un jeu, ƙanwata. Ya sake sabo mana."

Wai wasa ne kawai. Shi da bai taɓa zama minti biyar kusa da Baba a shagon ba. Wallahi na so in kwaɗa masa kujera.

Bayan la'asar Baba ya buɗe shafin. Fili fetal, babu rumbu, babu kaza ko ɗaya. Wani ɗan mutum na zane mai malafa ya fito yana murmushi, yana nuna masa inda zai danna ya koyi shuka.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire tabarau ya ce da ni, "Kashe, uwata. Shekaruna sun wuce na saran sabon daji."