Sunanta Ni'ima, Ba Gwaggo Rediyo Ba

Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Sha'aban, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Ni'ima Salihu ta nan Gwallaga, mai wasan kwaikwayo a dandali. Kwana tara kawai ta yi a kwance.

Ni'ima, raina a ɓace nake wannan rubutu. Ba da ke nake ba, da mutanen garin nan nake.

Wani malamin jami'a a Yelwa ya rubuta miki yabo ya sa a waya, wai Bauchi ba ta taɓa yin 'yar wasa kamarki ba. Gaskiyarsa, ni ma na gani da idona. In kika fito a Gwaggo Rediyo mai kai gulma gida-gida, kika karkata ɗankwali, kika manna kunne a katanga, kika ce "ni dai ba a bakina kika ji ba", har faɗowa mutane suke daga benci don dariya. Akwai ranar da wata ta cire silifas ta jefe ki saboda haushi. Amma malam, na karanta daga sama har ƙasa ban ga sunanta ba. Gwaggo Rediyo, Gwaggo Rediyo. Haka ubanta ya raɗa mata?

Ku kuma matan layinmu, ku ji kunya. Shekara nawa in ta shigo gidan suna sai ku yi tsit, kuna zungurar juna? Matar da lokacin da aka sallami maigidana daga aiki ita kaɗai na faɗa wa. Wata shida tana miƙo min tuwo ta katanga, har ta koma ga Allah ba wanda ya ji. Yau ni na faɗa da bakina.

Abin da ya fi ƙona min rai ranar sadakar uku ne. Aka ce Fatu ta layinmu ta yi mana addu'a a cikin gida, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙan Gwaggo Rediyo, ya yafe mata gidajen da ta raba." Kuka ce amin! Zakiyya 'yar marigayiyar tana zaune, ta tashi ta shige ɗaki.

Na ce, "Fatu, gidan wa ta raba? Faɗi ɗaya."

Ta ce, "To, Yaya, ai duk mun gani a wasa."

Wasa fa! Yarinyar nan da wannan za ta tashi a cikinku?

Ranar Litinin sadakar bakwai. Ni zan zauna a bakin zaure. Duk wadda bakinta ba zai iya faɗin sunan gaskiya ba, ta zauna a gidanta, mun yafe.

Allah ya jiƙan Ni'ima 'yar Salihu, ya haskaka kabarinta, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa nawa. Malam Izzuddeen mijinta da dangi duka, Allah ya ba ku haƙuri. Zakiyya, ɗaga kanki, uwarki ba ta taɓa raba kowa da kowa ba.