Sai Malama Filomina Ta Ce "Na Rufe"

Ƙarfe bakwai da rabi Malama Filomina Barnaba take shigowa ofishin ƙungiyar manoma da ke Ikara. Za ta yaye zanin da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta leƙo ta taga ta ce, "Kawu Lado, an tashi lafiya? Yaya man namu yau?" Ni ne Lado, mai kula da janareta. Wuta sai a yi mako ba a kawo ba, mai kuwa kowa ya san halin da ake ciki.

Doka ɗaya ce tsakanina da ita: ba na kashe janareta sai ta ce "Na rufe." Farkon zuwan na'urar na ɗauka iyayi ne. Ran nan na ga mai na ƙonewa, na kashe abina. Ashe fayil ɗin manoman Makarfi a buɗe yake, aikin mako biyu ya lalace. Ba ta zage ni ba. Ta zauna ta sake bugawa tun daga farko, ina kallo. Da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bara, damina na ƙaratowa, kantoma ya aiko cewa ba mai samun takin gwamnati sai wanda sunansa ya fito a takardar kwamfuta, kuma ranar Juma'a da la'asar za a zo karɓa. Ƙauyuka ashirin da shida ne a hannunmu. Wani ɗan kwangila ya riga ya zo daga birni ya rubuta wa na'urar umarnin da za ta bi ta tattara sunaye, abin da suke kira furogiram, ya kama gabansa. Ranar Laraba aka gwada. Ƙauyuka goma sha biyar suka fito, na'ura ta cije. Aka sake, haka dai. Likoro, garinmu, ba ya ciki. Wanda ya rasa taki a wannan marra ya san abin da iyalinsa za su gani a watan Agusta.

Alhamis ofis ya cika. Uwaisu, shugaban manoman garinmu, ya jingine babur ɗinsa ya shigo ko sallama babu.

"Malama, a faɗa mana gaskiya. Naku kika sa, kika cire namu?"

"Malam Uwaisu, Kurmin Kogi ma ba ta fito ba, can gonar babana take. Shi ma cire shi na yi?"

Ni kaina, Allah ya yafe mini, zuciyata ta ɗan raya mini abin da Uwaisu ya faɗa.

Ta buga umarnin ɗan kwangilar a takarda, ta ce in kashe janareta don a rage mai. Ta wuni da rula tana bin sa layi-layi, ita da ba wanda ya tura ta makarantar wannan aiki, tafireta ta shekara ashirin tana bugawa. Juma'a da hantsi ta kira ni.

"Kawu, in na yi ta miƙo maka ƙwarya ba ka ajiye ko ɗaya ba, nawa za ka riƙe?"

"Ba za su wuce biyar ba."

"To ita na'urar sha biyar take iyawa. Mutumin ya ce ta buɗe fayil ɗin kowane ƙauye, bai ce ta rufe ba. Sunayen da ta gama da su ma tana riƙe da su a ka."

Layi biyu ta ƙara a takardar: ɗaya ya rufe fayil, ɗaya ya saki sunayen kafin a shiga ƙauye na gaba. Na tayar da janareta da ɗan man da ya rage, ta shigar da su cikin na'ura. Na'ura ta wuce sha biyar, ta wuce ashirin. A na ashirin da biyu janareta ya fara tari. In ya mutu fayil na buɗe, na san abin da zai faru, na taɓa gani. Na karkata shi gefe, gumi na zuba mini. Sai ga Uwaisu ya zare tiyon babur ɗinsa ya tara gwangwani, ya miƙo mini man. Muna ɗurawa ana kiran sallar Juma'a. Can na ji muryarta ta taga: "Na rufe." Da ƙafa Uwaisu ya tura babur ɗinsa masallaci. Likoro ta sami takinta.

Malama Filomina, ke ce ba ki taɓa barin aiki a buɗe don wani ya zo ya ƙarasa ba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki saboda idanunki, kuma ba wanda zai yi miki taro. To ni na gode, mutanen Likoro sun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu taɓa irin waɗannan na'urori, abin da kuka buɗe ku rufe, abin da kuka riƙe ku saki, abincin wasu ne a ciki.

An ce za a turo wani. Ban san shi ba, ban san ko yana rufewa ba, damina kuma ga ta nan tafe. Ko wane ne, zan gaya masa tun ranar farko: man ya ƙare in zai ƙare, hannuna ba zai taɓa makunnin nan ba sai na ji ya ce ya rufe.