Muryar da Ke Fitowa Daga Ɗakin Ƙasa

Da ana iya share rana ɗaya daga rayuwar mutum, na san wadda zan share. Na tsaya ina kallo aka sa wata baiwar Allah, wadda ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, ta tsallake marar lafiya a gaban jama'a a matsayin mayya. Na san ba ita ba ce, don ni na ƙirƙiri ƙaryar da ta jawo mata abin. Karatuna bai yi zurfi ba, allo ne sai firamare, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

Mu marina ne, gidanmu yana wajen Ƙofar Marusa a Katsina. Na buɗi ido na tarar da karofinmu cike, hannun kowane namiji a gidan shuɗi ne har gwiwar hannu. Da atamfa da rinin kanti suka cika kasuwa, sai ramukan suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura biyu da nake ɗan taɓawa don kada a ce sana'ar ta mutu a hannuna.

A bayan gidan akwai ɗakin ƙasa da kakanmu ya haƙa. Ana sauka da matakala, ɗakuna biyu ne ƙanana da wata 'yar hanya a tsakani wadda sai ka duƙa. A nan ake ajiye ganyen rini da toka saboda sanyin wurin. Babu komai a ciki sai tsofaffin tukwane da warin ɗanshi. Kakanmu ya bar wata kafa a sama don iska ta riƙa shiga. Da aka raba gado aka sayar da gefen filin aka yi gini, sai bakin kafar ya faɗa cikin tsakar gidan maƙwabta, daidai gindin katanga.

Mai haya a gidan nan malamar firamare ce, Kirista, 'yar Filato. Ta fi shekara ashirin a unguwar. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, a nan ya rasu, 'ya'yanta kuma sun girma sun watse, amma ita ta ce Katsina ta zame mata gida. Malama kowa ke ce mata. Idan Kirsimeti ta zo tana aiko mana da shinkafa da kaza, mu ma da Babbar Salla cinya guda tata ce. Lokacin da uwargidana ta kwanta ciwo, ita ke karanta mana takardar magani, ta nuna mana na safe da na yamma. Al'adarta kuwa, in ta taso daga makaranta bayan azahar, sai ta zauna a gindin katangar nan tana wanki tana rera waƙa a hankali cikin yarensu. Tun rasuwar mijinta waƙar ta ƙara sanyi.

Wata rana wasu ɗaliban jami'a suka zo da malaminsu ganin karofi. Ɗaya ya hango ƙofar ɗakin ƙasa ya nemi a sauka. Na kunna tocila na shige gaba. Na gaya masu gaskiya, cewa ma'aji ne. Ba wanda ya saurare ni. Hoton junansu suke ta ɗauka, wani har da hamma. Ina cikin magana sai muryar Malama ta sauko ta kafar nan. A cikin ramin ba ka gane daga ina take fitowa, kamar daga bango, kamar daga ƙarƙashin ƙafa. Wuri ya yi tsit. Wata yarinya ta damƙe hannun ƙawarta.

"Baba, wace ce wannan?"

Duk idanu suka dawo kaina. Na daɗe rabona da ganin mutane sun zuba mini ido suna jiran abin da zan ce. Sai na ji bakina yana cewa wata kuyanga ce tun zamanin kakanmu, da aka kawo daga ƙasa mai nisa, aka kulle ta a nan don horo aka manta da ita.

"Shi ya sa ba ku jin abin da take faɗi," na ce. "Yaren garinsu ne. Gida take kira."

Har malamin nasu sai da ya gyara tsayuwa. Da muka fito suka kewaye ni da tambayoyi. Na koma gida ranar ina jin kaina kamar wanda aka yi wa naɗi.

Daga nan baƙi suka fara zuwa: ɗalibai, masu bautar ƙasa, matan aure da suka ji labari a gidan biki. Na koyi aikin da kyau. Ba na saukar da kowa sai bayan azahar. Na ƙirƙiro dokoki: a shiga da ƙafar dama, kada a kira sunan kowa a ciki, in na ɗaga hannu a kashe tocila. Ranar Lahadi, da Malama ke wuni a coci, sai in ce yau kuyangar ba ta son baƙi. Akan ba ni ɗan abin goro, amma wallahi ba shi ne ya riƙe ni ba. Shirun nan da ake yi in na buɗe baki, shi ne ya riƙe ni.

A majalisarmu ta ƙofar gida abokai suka sa ni gaba.

"Sarkin aljanu ya fito! A matsa mashi tabarma."

"Shekara sittin muna tare, ba mu taɓa jin kana da kuyanga ba. Ashe arziki gare ka a ƙasa kana ɓoye mana."

Ina dariya, ina jin daɗi. Uwargidana ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, wannan kuyangar taka ba ita ce ke aron turminmu ba?"

"Ke dai yi aikinki. Wa aka cuta?"

"Tukuna dai," in ji ta.

Akwai wani tela a layinmu mai 'ya budurwa da ke karatu a kwaleji. Ta sauka ɗakin tare da ƙawayenta, ta ɗauki muryar a wayarta. Bayan kwana biyu zazzaɓi mai zafi ya rufe ta, ta fara sambatu tana cewa matar nan na kiranta. Uwarta ta karɓi wayar ta saurara. Ba ta kai ƙarshe ba ta ce ta san muryar nan, ta sha jin ta in ta bi ta bayan gidan Malama.

Na ɗauka asirina ya tonu ke nan, za a ce tsoho ya yi ƙarya. Ai kuwa ba wanda ya kawo wannan a ransa. Gemuna fari ne, sahun gaba nake salla, ubana da kakana an san su. Abin da mutane suka haɗa shi ne, tunda marini ya ce akwai abu a ramin, kuma muryar ta Malama ce, to Malama ce abin. Da rana tana aji, kurwarta tana ƙarƙashin ƙasa tana jiran 'ya'yan mutane. Kafin magariba maganar ta kai har Ƙofar Kwaya.

Washegari da safe ta yi sallama a zaurena. Ba ta tafi makaranta ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta gaishe ni, ta tambayi kwanan iyali, da jikin uwargida, da gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce:

"Baba, jiya aka kunna mini wayar. Ni ce. Ina wanki ne. Ban san ana ji a ƙasa ba."

Na kasa duban ta. Na ce, "Ki yi haƙuri, Malama. Maganar mata ce, kwana biyu za ta wuce."

"An jefi ƙofata da safen nan. Kai za su saurara. Ka ce masu akwai kafa a gindin katanga, shi ke nan. Ko ka zo ka nuna masu."

"Zan duba lokacin da ya dace."

Ta dubi tabarmata. Ta ce, "To, Baba. Allah ya kai mu lokacin." Ta tashi.

Na wuni ina auna abin. In na faɗa, me zan ce wa majalisa? Me zan ce wa liman? Tsoho da jikoki, a ce wata da watanni yana shirga ƙarya a cikin rami? Na ce wa kaina yarinyar za ta warke, ƙura ta lafa, in daina saukar da mutane, kowa ya huta.

Bayan la'asar na ji hayaniya. Na fita na tarar an ɗauko yarinyar an shimfiɗe ta a tabarma a ƙofar gidan Malama. Mata sun cika wurin, samari na bayansu. A al'adar da muka tarar, wanda aka zarga da kama kurwar wani, sai ya tsallake shi sau uku a gaban mutane kafin a yarda ya sake shi. Abin da uwar yarinyar ke kuka tana nema ke nan. Malama na tsaye a bakin ƙofarta, hannunta da sauran kumfar sabulu.

Telan mutum ne mai hankali, bai so abin ba. Da ya hango ni sai ya nufo ni kamar wanda ya ga mafita.

"Yawwa, ga mai ɗakin. Malam, don Allah ka raba mu. Mi ke cikin ramin nan? Akwai wani abu, ko babu?"

Ya ba ni ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, babu. Wuri ya yi tsit, irin shirun nan da na saba jin daɗinsa. Malama ta dube ni, ba da roƙo ba, kamar dai mai jiran ɗalibi ya ba da amsar da ta san ya sani.

Na ce, "Ni dai abin da na gada na faɗa. Sauran Allah ne masani."

Ban gaji komai ba. Ubana bai taɓa faɗin haka ba. Na ɗora wa matattu ƙaryata don in tsira da gemuna.

Malama ta goge hannunta a zane, ta cire takalmanta ta ajiye su gefe a jere, ta tattare zanenta kaɗan. Mace mai jikoki, wadda rabin samarin da ke wurin ita ta koya masu rubuta sunansu. Ta tsallake yarinyar. Ta juyo ta sake. A na uku ƙafarta ta ɗan harɗe, ta dafa bango. Wani daga baya ya yi dariya. Sai ta sunkuya ta taɓa goshin yarinyar da bayan hannu, ta dubi telan.

"Na yi abin da kuke so. Yanzu ka nemo mota ka kai ta asibiti. Jikin nan ya yi zafi da yawa."

Ya kai ta. Aka ce taifot ne, aka yi mata allurai, cikin mako guda ta miƙe. Na yi murna, na ce to an wanke Malama. Ashe warkewar ce ta ƙarasa ta. Mata suka ce ai ga shi nan, tana tsallakewa ta sake ta. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasin da take yi masu a gida. Mai garuwa ya daina tsayawa a ƙofarta. In ta bi layi sai a ja yara ciki. Uwargidana kaɗai ke shiga wurinta, ni kuwa ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba bayan ga abinci.

Na rufe ɗakin ƙasa da kwaɗo, na ce wa masu zuwa rufin ya fara zuba. Wannan ma ƙarya ce.

Da aka yi hutun ƙarshen zango, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar Malama da hantsi. Ina zaure ina jin ana loda kaya. Na kasa fita, na kasa shiga ciki. Sai ga ta ta yi sallama. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya kamar kullum. Ta ce za ta koma wurin babban ɗanta. Na ce, "Malama, ki yafe mini."

"Na yafe, Baba, don ba na son in hau mota da kaya biyu. Amma kabarin mijina yana garin nan. Na so a ce kusa da shi zan tsufa."

Ta tashi ta fita, ta hau motar.

Sai da wata uku suka wuce kafin na iya tashi a masallacin unguwa bayan sallar azahar na faɗi komai. Na kai dattawa har gidan, na nuna masu kafar, na sa wani ya yi magana a tsakar gidan da Malama ta tashi, muka ji shi a ƙasa. Liman ya yi mini faɗan da ya kamata. Wasu suka girgiza kai suka tafi. Amma har yau akwai masu cewa ita ce ta juya mini tunani daga can inda take don in wanke ta. Da na yi ƙarya kowa ya gaskata ni, da na faɗi gaskiya sai aka raba biyu. Na aika mata saƙo ta bakin wani ɗan cocinsu cewa na faɗa. Ya dawo ya ce ta ji, tana gaishe da uwargida. Ba ta dawo ba.

Ku da kuka karanta wannan, abin da nake roƙonku kaɗan ne. Kada ku yi wa baƙi nishaɗi da abin da ya shafi maƙwabcinku, ko da kuna ganin wasa ne. In kuwa har kun yi, aka zo aka tambaye ku a gaban jama'a alhali mutuncin wani yana rataye a bakinku, ku faɗi gaskiya a ranar, tun yana tsaye a wurin yana ji. Kada ku jira wata uku kamar yadda na jira.